Ranar da Aka Zo Dubiyar Tabawa

Matso kusa, 'yar'uwa, in faɗa miki abin da har gobe ba zai fita raina ba.

Da aka kawo ni Dutsin-Ma daga Birchi ban san kowa ba. Maigidan direba ne, sai ya yi sati biyu a hanya. Daga ni sai kaji, sai waya. Karatuna bai kai in bi littafi ba, amma na samu irin waɗanda ake karantawa da murya a waya, ina wanke-wanke ina saurare. A nan na haɗu da Tabawa, matar da ta gaji wani tsohon gidan soro, mai ɗakin da ba a buɗewa da rijiyar da ke kiran sunanta. Kowa ya gudu, ita ta ƙi. (Ni da ƙadangare ke kora ɗaki, wai ni ce mai ce mata, "Yauwa, kar ki bar masu!")

Sai muka je suna Rawayau, wurin dangin maigida. Kowa da ƙawarta ana ta hira, ba mai kula ni. Kawai na ji bakina ya ce, "Ni kau wata ƙawata..." Na zuba masu labarin Tabawa, har muryar rijiyar na kwaikwaya. Duk suka juyo suna saurarena. Ranar har nama aka ƙara min.

Bayan kwana uku, da hantsi, sai sallama. Gwaggo Hure ce, yayar surukata, da mata biyu, sun sauko daga babura da gorar rubutu, tazargade da kwanon fura.

"Ɗauko mayafinki, ɗiyata, ki kai mu wurin wannan baiwar Allah. Ba a barin mace ita kaɗai a wannan hali."

Na yi shimfiɗa, na kawo ruwa, na sake kawo ruwa. Ƙarshe dai na miƙa wayar: "Gwaggo, a nan ciki take."

Ɗaya daga cikin matan ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ba ta yi ba. Ta dubi tsakar gidan, ta dube ni.

"To ke, wa ke shigo miki?"

Ta turo min gorar. "Shanye. Malam bai rubuta don a zubar ba."

Na shanye, kaina a ƙasa. Yanzu kafin in ba da labari sai na fara da "a littafi ne fa." Amma tsakaninki da Allah, ƙaryar da ta kawo miki baƙi uku har gida, za ki iya yin nadamarta duka?