Ajiyar Ɓerayen Masar

"To, ya gajiyar hanya? Ko da yake gajiya ba ta kama malalaci."

"Lahiya lau, amaryata. Har yanzu kina nan? Ni da nike zaton in tarar an raba gado."

Hajjo ta harari jikanta Hafizullahi, mai fataucin albasa tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. Tun farkon damina ya kawo mata ajiyar ɓerayen Masar guda biyu nan ƙauyen Turba, ya ce in ya dawo zai kai wa budurwarsa Sadiƙa a Kamarawa. Ran nan tsohuwa har rantsuwa ta yi ba ta zama gida ɗaya da ɓera. Yau kuwa da ta ji ƙarar babur ɗinsa sai gabanta ya faɗi. Ba ta son rabuwa da su, kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa masa ba.

"Ina ajiyata?"

"Ga su can cikin fasasshiyar tukunya. Kwashi tsiyarka. Ɓeran da Allah ya hana ma wutsiya, mi za ni yi da shi?"

Ya durƙusa ya leƙa. "Sun yi ƙiba kuwa. Mi sunka ci?"

"Iska. Irin cefanen da kaka yi mini tun da munka yi aure."

Ya zura hannu, suka ƙara maƙalewa can ciki, ko motsi babu.

"Ba haka aka yi ba, baƙauye," in ji Hajjo. "Miƙe tsaye, ka buɗa hannuwa bisansu, ka tafa da ƙarhi. Nan take za su hito."

Ƙarya take shararawa. Ta san sarai ba abin da ɓeran Masar ke tsoro kamar inuwa daga sama, don shaho yake zato. Ita da ta yi makonni tana zama a ƙasa shiru, da ganyen wake a tafin hannu, kafin mai jan kunnen ya yarda ya matso ya karɓa.

Hafizullahi ya miƙe ya baje hannuwan riga kamar ungulu na shan hantsi, ya dinga tafi. Shiru.

"Haɗa da waƙa."

"Anya, tsohuwa?"

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Rera."

Ya rera. Kajin gidan suka watse, akuya ta tsinke igiya, ɓeraye dai ko hanci ba su nuna ba. Dariya ta ci ƙarfin Hajjo har ta zube kan tabarma, kuma nan asirinta ya tonu. Ganyen waken da ta saba ƙullewa a gefen zane ya yi ƙaras-ƙaras. Sai ga ɗan kuka kamar fito daga cikin tukunya, sai ga su sun fito a guje, sun bi ta tsakanin ƙafafun mawaƙi sun haye cinyarta.

Hafizullahi ya riƙe haɓa. "Ashe iska gehen zane taka kwana."

"Ban san su ba. Maita ta, irin ta dangin uwarka."

"Na gane. Zuben Gobir na kumatunki sunka gani, sunka zaci gashin bakin uwarsu na."

"Uwarsu ko kakarsu, sun hi ka hankali. Su da sun ji takuna da sahe sai su kama kukan murna. Kai ko sai wata ya mutu ba ka leƙo ba."

Cikin wasa ta faɗa. Amma tun rasuwar mijinta Malam gidan ya yi mata faɗi, kuma kaɗaici ya dame ta ƙwarai. Ta sunkuyar da kai tana sosa wa mai jan kunnen wuya.

Hafizullahi ya dube ta, ya kaɗe hularsa.

"Na fasa. Sadiƙa turare za ni kai mata. Waɗanga kuwa ki riƙe, sadakinki na, in huta da gori."

"Sadakina ɓera biyu? Kakanka raƙumi ya ba da."

"To, kawo su in kai inda za a gode."

Ya miƙo hannu. Hajjo ta yi wuf ta ja gefen zane ta lulluɓe su.

"Taɓa ka gani, ɗan nema. A garinku an taɓa karɓe sadaki amarya na cikin ɗaki?"

Ya fashe da dariya, ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce ta ɗan sam masa ganyen ya gani ko za su karɓa a hannunsa.