Yadda Za Ka Noma Furen Da Ko Saniya Ba Ta Ci

Ni ne Hambali, mutumin Kadawa. Shekara uku na yi ina ban ruwan furanni a gidan wani injiniya Bature, kafin in samu filin noman rani a 1976. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin alkama ta nuna za a san sunanka daga Kura har Bunkure.

1. Samo iri

Sunan furen salbiya. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai fari. Ranar da matar injiniya za ta koma ƙasarsu, karkaɗe busassun kawunan a hularka. Wannan shara ake ce mata, ba sata ba.

2. Ce wa malamin gona to

Zai ce kowa ya shuka alkama, wanda ya ƙi a ba wani filinsa. Ce masa to. Yana juya baya, jera ja a bakin hanyar ruwa, shuɗi a tsakiya, fari a gefe. Kada ja ya taɓa shuɗi, masana sun ce yana gajiyar da ido. Masanan ni ne.

3. Shirya wa tambayar maiɗaki

Ranar da matata Sa'a ta kawo mini fura gona, ta daɗe tana duban filin.

"Malam, wannan miyar me ake yi da shi?"

"Kallonsa ake yi," na ce.

"To furar ma kalle ta." Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta koma gida.

4. Kada ka dogara da shanu

Nadama za ta zo. Da ta zo mini, sai na lallaɓi Jaji makiyayi ya sako garkensa, don in ce ɓarna aka yi mini. Shanun suka shinshina, suka kau da kai, suka faɗa alkamar maƙwabcina Dattijo. Har yau ba ya amsa sallamata.

5. In manya suka zo, yi shiru

Malamin gona ya iso da takardar karɓe filina a hannu, sai ga motoci uku na baƙi daga Legas sun tsaya. Babbansu ya sauko.

"Wa ya ƙawata wurin nan haka?"

Malamin gona ya cusa takardar a aljihu. "Ranka ya daɗe, tsarinmu ne."

Suka jeru gaban jan furen za a ɗauki hoto. Ni aka ce in matsa can, ƙafata duk taɓo.

Fili dai ya tsira. Tuwo kuwa, wata biyar muna cin na surukaina, ina shiga da sunkuyayyen kai.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi shawarar nan matarsa ta yi yaji, ko aka kai shi gaban dagaci, kada ya ambaci sunana. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. In ma ya zo nemana, ina can ina dashen tumatir.