Ranar da Na Gyara Fijo a Gaban Surukina

Wata uku da sayen Fijo ɗina, surukina Baffa ya kwana gidanmu a Madaki, zan kai shi tashar jirgin ƙasa da safe. Ya shiga gaba ya gyara zama. Na murza makulli, mota ta yi ta gurnani, ta ƙi tashi.

Ni malamin kimiyya ne, don haka ko a jikina. Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Baffa, na buɗe bonet. Na goge kan batir, na kwance fulogi huɗu na hura, ina yi wa maƙwabta bayanin yadda wuta ke tafiya. Har na yanke hukunci cewa kwayil, mai ba fulogi wuta, ya ƙone.

Sai ga maƙwabcina Yohanna, tsohon direba. Ya leƙa sau ɗaya, ya matso kusa da kunnena.

"Malam, ina rota mai raba wutar? Ba ni na koya maka cire ta ba, saboda ɓarayi?"

Tana aljihun rigar da ke kan cinyar Baffa. Yohanna, Allah ya saka masa da alheri, ya karɓi rigar wai zai rataye ta, ya zaro rotar a ɓoye ya mayar. Muka tarar da jirgi da ƙyar.

Na ɗauka asirina ya rufu. Amma har Baffa ya rasu, duk abin da ya ɓace masa, ko saniya ce, sai ya ce, "A duba aljihun Malam."