Rasuwar Bidiyon Sussukar Aujara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulkahar na unguwar Limawa a Dutse nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar bidiyon nan da aka fi sani da Sussukar Aujara. Ya cika a Kiyawa, a cikin kwamfutar Yahuza, mijin ƙanwata Ruwaida, bayan wata gajeriyar jinya da shi bai ce yana bukata ba.

An haifi marigayin a bayan gidanmu na Aujara, a kaka ta ƙarshe da mahaifiyarmu Inna Talatu ta gani da ƙarfinta. Abokina Zailani, mai haɗa wa 'yan fim sauti a Kano, shi ya karɓi haihuwar. Ya kakkafa makirufo a gefen filin sussuka, ya maƙala wani ɗan mitsitsi a wuyan rigar Inna, sannan ya koma ya jera sautin layi shida, kowane layi da sifikarsa. Ya zuba shi a irin fayil ɗin da ake kira MKV, ya miƙo min a filashi.

Duk wanda ya taɓa zama a falona shaida ne a kan halin marigayi. Bai taɓa tauye wa wata murya haƙƙinta ba. A hagu da dama, matan unguwa ne ke lugude suna amshi. A sifikun baya, zabi ne ke ƙyarƙyara, ga wata akuya da ta ƙi yin shiru, har baƙo kan waiwaya ya duba ko an bar ƙofa a buɗe. Babban akwatin sautin da ke ƙasa shi ke riƙe da dukan taɓarya, tim, tim, sai ka ji shi a ƙirji. Sifikar tsakiya kuwa, wadda ke ƙarƙashin talabijin, ta Inna ce ita kaɗai, domin ita ke ba da waƙa.

Daga nan take fara cewa, "Kai wannan, zo ka cire min abin nan daga wuya. Ni 'yar fim ce?"

Wannan ɗin ni ne. Ni ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce mai kunya, ba ta taɓa kama sunana ba. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan babban ɗanta, sai ta dubi Ruwaida ta ce ta faɗa musu. Na girma, na yi aure, na yi furfura a gemu, ina nan a wannan. Amma a ranar sussukar waƙa ta yi mata daɗi, lugude ya kankama, ta shagala, sai bakinta ya suɓuce: "Geron bana na Abdulkahar ne, mai ci ya gode Allah." Taɓare suka tsaya cak. Mata suka ɗau shewa da guɗa, Inna ta ja gyale ta rufe baki. Sau ɗaya ke nan a duniya, kuma marigayi ne ya riƙe min amanar.

Ciwon ajalinsa ya faro ranar sadakar arba'in ɗin Inna. Kawu Gwadabe, yayanta, ya yanke hukunci cewa muryar Talatu gado ce, ba za a kulle ta a falon mutum ɗaya a Dutse ba, a raba kowa ya samu a wayarsa. Maganar babba ce, kuma gaskiya ce, ban ja ba. Sai dai marigayi yana da jiki, wasaf ba ya iya ɗaukarsa, wayoyin dangi ma ba sa buɗe shi. Nan Yahuza ya miƙe, ya ce in kawo filashin kawai, kafin in sha ruwa an gama.

Daga baya Zailani ya yi min bayanin da ya ƙara min ciwo. Ya ce MKV da MP4 buhuna ne kawai, ana juye hatsi daga wannan zuwa wancan ba tare da ƙwaya ɗaya ta faɗi ba. Akwai wurin da ake gaya wa manhaja ta kwafi sauti yadda yake, kada ta taɓa shi. In ma dole sai an rage nauyi saboda waya, ana gauraya layukan shida su koma biyu, muryar tsakiya ta shiga kowane ɓangare. Yahuza bai yi ko ɗaya ba. Ya samo wata manhajar kyauta, ya danna inda aka ce mafi ƙanƙanta, ita kuwa ta ɗauki hagu da dama ta watsar da sauran. Da ya ga hoto ya fito, sai ya goge na asalin, wai ajiye abu ɗaya sau biyu almubazzaranci ne, ya cika filashin da hotunan cin shinkafar sadaka. Zailani kuma tuni ya share nasa, don ba ya tara tsohon aiki.

Da na kira likitan da ya yi aikin, wato Yahuza, cewa ya yi, "Haba Yaya, ai hoton ya fito tar. Ga Inna nan kowa na ganinta." Allah ya saka masa daidai da ƙwarewarsa.

Marigayin ya rasu ya bar ɗa guda, MP4, wanda ya ɗauko kamannin uba bai ɗauko halinsa ba, da jikoki barjat a wayoyin dangi daga Jahun har Fatakwal. Ya bar sifiku biyu na gaba suna ta fama, biyu na baya sun shiga takaba, babban akwatin ya kame bakinsa. Ya kuma bar ni. Na manna kunne a sifikar hagu, na manna a ta dama, ko muryar ta ɗan tsallako, amma taɓarya ta danne komai.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su bar wasu maganganu a gida. Mai niyyar tambaya ko ban ajiye kwafi ba, ya yi zamansa, mun yafe masa zuwa. Mai cewa ai muryar uwa tana zuciya, na gode, amma na duba can ɗin, kullum ƙara nisa take yi. Kada kuma a ce Allah ya jiƙan bidiyo, malam ya ce fayil ba shi da hisabi. A kai addu'ar ga Inna Talatu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a falona na Limawa. Babu wanka, babu sallah. Za a kunna magajin sau ɗaya. Jama'a za su ga bakin Inna yana motsi, su ji mata suna amsa waƙar da ba wanda ya bayar. An tanadar wa Yahuza kujerar gaba, daidai saitin sifikar tsakiya. Bayan an tashi zan zare wayar sifikar, in naɗe sifikar a gyalen Inna, a kai ta Aujara a ajiye a ɗakinta.

Roƙo na ƙarshe: in aka zo inda taɓare suka tsaya, mata suka sa guɗa, Inna ta rufe baki, don Allah kowa ya yi shiru. Kada wani ya ce zai taimake ni ya faɗi abin da ta ce. Na san abin da ta ce. A bakinta nake so in ji.

Sanarwa daga Abdulkahar, wanda Inna ke kira wannan.