Kwana Tara Muna Jiran Wasiƙa Ta Buɗe

Jama'a, ku taya ni murna, ranar Talatar nan na ga wasiƙa ta buɗe da idona. Tun daga ranar bakina ya ƙi rufuwa, har mai ɗakina ta fara tambaya ko lafiya.

Ruwan shuka ya sauka a garinmu, nan kusa da Minjibir, kowa ya shuka geronsa, saura gyaɗa. Mu 'yan ƙungiyar manoma an yi mana alkawarin ingantaccen iri, kuma abin mamaki an cika, an kawo an jibge a siton Ofishin Jin Daɗin Manoma da Sauran Al'amura. Ta taga ma muna hango buhunan. Sai dai mai riƙe da makulli, Malam Abdulkabir, mutum ne mai tsoron Allah da tsoron takardar tuhuma. Ya ce ba zai buɗe ba sai ya karanta wasiƙar izini a imel ɗinsa. Wasiƙar kuwa ta zo, ga kanta nan a allon kwamfuta, amma da ya danna sai wani ɗan zobe ya kama juyawa.

Kullum da hantsi ni da maƙwabcina Uwaisu sai mu hau babur mu je mu zauna a benci muna kallon zoben nan. Uwaisu ya ce tun da yake bai taɓa ganin ma'aikaci mai himma irin wannan ba, daga safe har la'asar yana zagaye, ba ya zuwa ɗaurin aure, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa.

Asalin abin, mako biyu kafin nan Mai Girma Babban Mai Ba da Shawara kan Zamanantar da Komai, Allah ya ƙara masa basira, ya sa an sabunta manhajar sabar ofishin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wasiƙun kowa. An kafa rumfa, an jera kujeru, an yi kiɗa. Ya ce daga yau wasiƙa za ta riƙa isowa tun kafin a rubuta ta. Mun tafa sosai. Da tsohuwar manhaja, ka danna ka karanta. Da sabuwar, sai ka danna, ka je ka yi azahar, ka ci rogo, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani.

Ba a yi sakaci ba, wallahi, nan take aka kafa kwamiti. Zaman farko suka gano zafi ne, aka ɗauke fankar ma'aikata aka juya wa sabar, ita tana shan iska su suna gumi. Zama na biyu suka gano laifin manoma ne, mun cika doguwar gaisuwa a wasiƙa, aka liƙa sanarwa a bango cewa an hana tambayar iyali da gajiya. Zama na uku suka yanke cewa sai an sayo sabuwar saba, kuma dole mutum bakwai su je ƙasar waje su gano ta da idonsu. Ni dai irin wannan sadaukar da kai yana sa ni ƙwalla.

A rana ta tara na gaji, na leƙa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda ma'aikaciyar kwamfuta take, Malama Raudatu, 'yar mutanen Rimin Gado. Ba a sa ta a kwamitin ba saboda matakin aikinta bai kai ba. Na tambaye ta ko aljanu ne.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka san kasuwar hatsi ta Dawanau ai. Wasiƙun nan a matse ake ajiye su don kada su cinye wuri, kamar an danna kaya a buhu an ɗinke, kuma akwai rajistar da ke faɗin abin da ke cikin kowane buhu. Da aka sa sabuwar manhaja, an manta ba a gaya mata a matse suke ba. Sai ta ga girman da ke rajista bai yi daidai da abin da take gani ba, ta ƙi yarda. Duk wanda ya nemi wasiƙa ɗaya, sai ta bi buhu dubu arba'in ɗaya bayan ɗaya tana sake rajista. Kafin ta gama wani ya danna, ta koma farko."

Uwaisu da ya biyo bayana ya ce a Dawanau yaron shago ya yi haka ranar zai bar aiki, amma a nan yana ganin ƙarin girma za a yi masa.

Na ce gyaran fa? Ta ce layi ɗaya ne za ta mayar a saitin, sannan a bar manhajar ta rubuta sabuwar rajista sau ɗaya tak, kafin in shanye kwanon fura an gama. Tun rana ta biyu ta rubuta wa kwamiti haka, ta imel, bai buɗe ba. Abin da ya hana ta yi da kanta, kalmar sirrin shiga sabar tana hannun Mai Girma, shi kuwa yana wani otal a birni, taron kwana goma kan hanzarta aiki, wayarsa a kashe.

A nan dariyata ta ɗauke. Da safen ranar na tona ƙasar gonata, laimar ta fara yin ƙasa. Gyaɗa in ta makara ba ta cika ƙwaya, kuma da ita nake sa ran riƙe gida bana.

Sai muka ji murya daga bencin baranda. Direban Mai Girma ne, Yahya, wanda aka bari a ofis domin motar ta kwana uku a layin mai. Ya ce in dai kalmar sirri ce ai shi ke buɗe wa Oga wasiƙu, idon Oga ba ya son ƙananan rubutu. Kalmar kuwa cikakken muƙaminsa ne, a haɗe ba rabewa. Sai da Yahya ya ja numfashi sau uku kafin ya kai ƙarshenta. Raudatu ta rubuta, sabar ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Yahya ya dafe kai ya ce a gafarce shi, ya manta da "Dakta", watan jiya aka samo shi.

Ta shiga, ta gyara layinta, muka koma wajen Malam Abdulkabir muka tsaya a kansa mu wajen ashirin. Zoben ya juya, ya juya, sai ya ɓace. Uwaisu ya ce shi har ya ji kewarsa. Wasiƙa ta buɗe, muka yi kabbara kamar an ga wata. Malam Abdulkabir ya gyara tabarau ya karanta mana ita duka: "A ba su. Cikin gaggawa."

Wanda ya aiko ta Mai Girma Mataimaki ne, ofishinsa na bayan bangon nan, muna jin rediyonsa. Na leƙa na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, da ka ɗan ɗaga murya ai da mun ji. Ya dube ni cikin tausayi ya ce maganar baki ta mutanen da ce, yanzu an zamanantar da ofis. Na yi godiya da wannan ilimi.

Mun ɗaure irinmu a bayan babur, Uwaisu yana waƙa har gida, yana gaida awakin mutane a hanya. Laraba da asuba muka shuka, daren Alhamis aka sake ruwa, alhamdu lillahi.

Jiya na koma in yi wa Malama Raudatu godiya da ƙwaryar ƙwan zabi. Na tarar an ba ta takardar tuhuma, wai ta yi gyara ba da izinin kwamiti ba, ta jawo an fasa tafiyar mutum bakwai. Ta imel aka aiko mata. Ta ce ita dai ba ta da ƙorafi, tana dannawa ta buɗe.