Hannun da Ya Saba da Fara

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta watan Satumba, can cikin shekarun tamanin, ina ɗalibi a Amurka. Har yau in na ga malam-buɗe-littafi sai na ji kunya ta kama ni.

A Lanham nake zaune, gidan Baba Ishaya, wani likita ɗan Filato da ya taɓa aiki da mahaifina a Funtuwa. Shi ya jiyo cewa wata farfesa a jami'armu tana neman mataimaki a bincikenta na malam-buɗe-littafi, kuma wanda ya samu aikin an ɗauke masa nauyin karatu. In babu aikin nan, gida zan koma ba digiri. Baba ya ɗaga waya ya tsaya mini.

Ranar ganawa ta tambaye ni ko na taɓa kamun ƙwari masu tashi. Na gyara zama na ce tun ina shekara shida, kuma da hannu, ba da raga ba. (Ban yi ƙarya ba. Fara nake nufi, a gonar kakana. Ban dai faɗa mata inda farar take ƙarewa ba.)

Wurin aikinmu wata doguwar gaɓa ce a bakin ruwan Chesapeake, ƙasa ta miƙe tsaye kamar bangon bene, ruwa na dukan gindinta. Da sanyi ya wuce, ƙanana shuɗɗa suka fito. Da zafi ya kankama, sai manya rawaya masu zanen baƙi. Duk watannin nan aikina riƙe littafi, Farfesa ta kira suna in rubuta. Sai da kaka ta shigo manyan baƙin suka iso, masu launin lemo, waɗanda ke bin gaɓar ruwa suna yin kudu. Masu bincike a can arewa kan liƙa wa wasunsu 'yar takarda mai lamba a fiffike. Ƙa'ida ita ce in ka kama mai lamba ka karanta, ka rubuta, ka sake shi lafiya ya ci gaba da tafiyarsa. Farfesa ta yi shekaru tana jira, ko ɗaya ba ta taɓa kamawa ba.

Ranar Asabar ɗin nan, Baba da matarsa Mama Rifkatu suka biyo mu, wai su ga abin da ɗansu ke yi. Muna tafe Farfesa ta tsaya cak, ta damƙe hannun rigata. Ga ɗaya can a kan wani fure, daf da bakin gaɓar, farar takarda na walƙiya a fiffikensa. Raga ba za ta kai ba, ga iska.

"Kai ne gwanin hannu," ta ce cikin raɗa. "Za ka iya?"

Me zan ce? Na tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita, na kwanta rub da ciki na fara jan jiki. Ƙasa na marmashewa a ƙarƙashin gwiwar hannuna tana zuba, kuma ba na jin saukarta. Na leƙa sau ɗaya, ban ƙara ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

"Kai ɗan nan, dawo! Ƙwaro ne fa!" in ji Mama.

"Rifkatu, yi shiru mana, kar ki kore masa shi," Baba ya ce.

Na riƙe numfashi. Na kawo hannu ta baya a hankali, yadda kakana ya koya mini, na bari sai da ya rufe fiffike. Caraf! Na ji tafi ya ɓarke a bayana.

To a nan ne hannuna ya yi abin da ya saba. Duk ɗan da ya tashi a gona ya san cewa kama fara rabin aiki ne, sauran shi ne ka fige fiffike ka jefa ta aljihu, tun kafin ka miƙe. Wallahi ban yi tunani ba. Ina ja da baya ina haki, aikin ya riga ya gama kansa.

Na miƙe ina murmushi. Tafin ya mutu. Farfesa ta matso da fensir a hannu.

"Ina yake?"

Na buɗe tafin hannuna: fiffike huɗu, ɗaya da lambarsa tsaf. Sai na ji wani abu na motsi a aljihun ƙirjina, ya leƙo da kansa. Matar nan ba ta yi faɗa ba, idonta ne kawai ya kawo ruwa. Na so a ce ƙasar nan ta zube da ni ɗazu.

Baba ne ya ja ta gefe. Ya daɗe yana bayani yana kwatanta fara da yatsu, ni kuwa ina tsaye ina jiran hukunci. Da ya dawo ya dube ni sama da ƙasa.

"Ba za ta kore ka ba. Amma ta ce daga yau littafi da fensir, ko ƙuda kar ka taɓa. Ka gode wa Allah ma ba ka kai baki ba."

Mama ta sa ƙwaron a kofi muka taho da shi Lanham. Kwana tara tana ba shi ruwan sukari a auduga, yana rarrafe a bakin taga, ni kuma kullum sai na wuce ta gabansa kafin in fita makaranta. Ya baro can arewa, ya tsere wa tsuntsaye da guguwa, sai ya gamu da Bakatsine.

Digirin dai na samu. Abin da na koya kuma shi ne, in aka tambaye ka ko ka iya kamu, ka faɗi har abin da kake yi da shi bayan ka kama.