Zakin Bammoja

"Ni fa dutse tsorona yake ji," in ji Bammoja masassaƙi. "Da na ɗaga guduma yake yin laushi kamar man shanu."

Gwani na gwanaye ke nan, wanda ban da turmi babu abin da ya taɓa sassaƙawa ya zauna daidai.

Inna Jakkabbe, attajirar garin, ta gina ɗakin bauta, tana neman mai sassaƙa mata gumakan masu yi wa waliyyai ashirin da huɗu hidima. Ta ba shi gwaji ɗaya: gunkin Ambika, mai hidimar waliyyi Neminata, da reshen mangwaro a hannu, ɗa a cinya, zaki kwance ƙarƙashin ƙafarta. In ya yi kyau, aikin duka nasa ne.

Gogan naka ya ce zakunan sauran masassaƙa duk kyanwoyi ne. Ya fito da nasa ƙato, ido jajir, har da barewa a baki, hanji waje.

Inna ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Bammoja, mu da muke tace ruwa don kada mu haɗiye ƙwaro, ka kawo mana mahauta ɗakin bauta?"

"Ƙaramin abu ne, Inna. Bugu ɗaya."

Ƙwas! Barewa ta tafi, ta tafi da haɓar zaki.

"Dama kan ya yi girma," in ji shi. Ya rage kai. Sai jiki ya fi kai, ya rage jiki. Sai ƙafafu suka yi zaƙo-zaƙo, ya datse su. Wutsiya kuwa da ta ga abin da ake ciki, ta faɗi da kanta. Gumi ya jiƙe shugaban gwanaye sharkaf.

Ranar dubawa gari ya taru. Inna ta zo da tsohon malaminsu, mai share hanya da tsintsiyar gashin dawisu kafin ya taka, don kada ya murƙushe tururuwa.

"Ina zakin?" in ji Inna.

"Ga shi nan, ya natsu ne. Ladabi yake yi."

Tsoho ya duƙa, ya ƙura ido. Ya sa tsintsiyarsa ya shara a hankali, abu bai motsa ba. Ya sake sharawa. Sai ya ɗago, ido cike da tausayi.

"Ɗana, don girman Neminata, ɗauke kwaɗon nan kafin Ambika ta taka shi."